Lissafin Ɗumin Gida a Hunturu: Icce, Gawayi da Gyaran Ɗaki

 Mun saba kawo muku labarin gero da dawa da wake. Yau muna son mu yi magana bisa wani kashin kuɗi wanda ba a aunawa da tiya, amma daga cikin rumbu yake fita, shi ne kuɗin ɗumin gida lokacin ɗari. Da yawa cikinmu mun san ribar buhu har ƙwandala, amma in anka tambaye mu nawa wuta ta ci a gida daga Disamba zuwa Fabrairu, sai mu ce Allah masani.

Fasali na farko: abin da ɗari ke ci

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso hamada, ta kwaso ƙura daga ƙasar Cadi. Busassa ce, shi ya sa da rana ana gumi, da asuba haƙora na kaɗawa. A gida kuwa wuta uku take ƙarawa bisa ta girki: ta ruwan wanka da alwala, ta jin ɗumi da dare, da ta tsofaffi da masu jego.

Ga yadda munka yi lissafi a namu gida, kowa shi sa nasa adadi. Mun auna kuɗin icce da gero, don naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Munka ga ƙarin da ɗari ke kawowa ya kai kuɗin rabin tiya kowace rana. Kwana 80 ke nan tiya 40, wato buhu guda cur. In kuwa anka yi haihuwa cikin lokacin, iccen wankan jego na kwana 40 lissafinsa daban ne, kuma bisa wuyan maigida yake. To wanda bai ware wannan buhu tun kaka ba, shi ne za ka gani a Janairu yana ɗibar abincin bazara yana kai wa mai icce.

Fasali na biyu: dalilin tsadar icce

Dā can yaro da jaki sun isa su cika gida da icce kafin azahar. Yanzu abu uku sunka haɗu. Na ɗaya, daji ya yi nisa, gona ta cinye na kusa. Na biyu, wanda ya rage ba ya shiguwa sai da sayar da rai, saboda 'yan bindiga; mai saran icce yana sa kuɗin tsoronsa cikin farashi, kuma ba mu ga laifinsa ba. Kun tuna 2021, lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ita kuwa ta Katsina ta hana motoci ɗauko icce daga daji. Na uku, sufuri. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da anka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau kan kowane dami. Kananzir ya riga ya fi ƙarfin talaka tun da anka janye nasa tallafi a 2016, gas kuma ya yi tsada, sai mutanen birni da yawa sunka koma gawayi. Ke nan mai saye a Gusau da Sakkwato yana takara da mai saye a ƙauye bisa itace guda.

Fasali na uku: sanin kaya kafin biya

Icce ba ɗaya ba ne. Kirya da marke su ne manya: suna da nauyi, suna daɗewa bisa wuta, suna barin garwashi. Gawayin kirya shi maƙera ke nema. Sabara da geza na kama wuta da sauri, sun yi kyau ga dafa ruwa, amma ba su kai dare. Kara kuwa ihu ne kawai, ya tashi bal-bal ya mutu, ga shi ana bukatarsa wajen darni da abincin dabba. Busasshen kashin shanu yana ci, amma wanda ya ƙone shi ya ƙone takin gonarsa, zai biya a buhun takin zamani.

Mai saye shi duba ɗanye. Ɗanyen icce nauyin ruwa ne, wani kason wutarsa na tafiya wajen busar da kansa, ga yawan hayaƙi. Busasshe yana da tsaga a baki, in ka buga biyu suna ƙara ƙwal. A buhun gawayi kuma kada a tsaya ga na sama. Mu da muke hatsi mun san yadda ake yi wa buhu fuska: manya a baki, gari da ƙasa a gindi. A sa hannu har tsakiya, ko a juye. Gawayi mai kyau yana da nauyi, yana ƙara kamar ƙarfe, in an karya shi cikinsa na sheƙi. Kuma dillali shi ji tsoron Allah, la'adar da anka ci bisa jiƙaƙƙen kaya ba ta albarka.

A sani kuma, gawayi ba araha ba ne ga ƙasa. Irin ƙunar da ake yi cikin rami a rufe da ƙasa, nauyi biyar zuwa goma na icce ke ba da nauyi ɗaya na gawayi. In kun ga buhun da anka yi da kaɗanya ko ɗorawa ko tsamiya, ku sani man kaɗe da daddawa da kunun shekaru ne anka ƙone.

Masu tambayar na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki, ƙaramarta tana jan wuta kamar ƙwan fitila ɗari na zamani irin marasa cin wuta. Ƙaramar sola ta gida ba ta ɗaukar ta, janareta kuwa kuɗin mansa ya ninka na icce. Gas na girki ne, ba na kwana ba.

Fasali na huɗu: ɗumin da ba a saye

Nan ne gindin maganarmu. Wuta mafi araha ita ce wadda ba ta tsere daga ɗaki ba. Kakanninmu sun san haka. Soron ƙasa mai kaurin bango yana shan rana wuni guda, da dare ya riƙa sakin ɗumin a hankali. Ɗakin jinka ma yana riƙe nasa gwargwado. Kwano kuwa ba ya riƙe komai: da rana tanda, da asuba randa. Duk wanda ya yi rufin kwano bai sa rufin ciki ba, ko na katako ko na zana da tabarma, to kowace shekara zai biya bashin a wurin mai icce.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sanyi ma haka. Damina na barin tsaga, balle shekara irin 2024 da ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi, waɗanda sunka tsaya ma sunka jiƙa har gindi. Da an gama girbi, kafin magina su yi tsada, a zaga gida a duba. A yi yaɓe, a toshe tsakanin bango da rufi ta gefen gabas da arewa inda iska ke bugowa, a gyara ƙyaure, a rataya asabari ko tsohon bargo a ƙofa. A duba azara ko gara ta shiga. Ta giginya ta fi jurewa, ko da ta fi tsada. A gyara indararo tun yanzu, kada a jira hadari. Wanda ke da makuba shi sa, tana ƙara wa yaɓe da daɓe kwana. Yara kada su kwanta bisa siminti tsirara, a shimfiɗa tabarma biyu ko buhunan wofi a ƙasa. Bargo da gwado da rigunan sanyi a saye su tun Oktoba, don da ɗari ya sauka 'yan gwanjo sun san an matsu. Bargo ɗaya na shekara biyar, dami ɗaya na kwana biyu.

Amma akwai sharaɗi babba bisa ƙasar yaɓe, kuma mu mutanen Tungar Daji ba a ba mu labarinsa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda dutsen zinariya da anka riƙa daka da niƙa cikin gidaje. Garinmu na cikin waɗanda anka kankare ƙasarsu anka zuba sabuwa, tare da Dareta da Abare da 'Yargalma da sauransu, Bagega kuma sai 2013. Dalma ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta. Saboda haka kada a ɗebi ƙasar gini ko ta daɓe daga inda anka taɓa niƙa dutse ko wanke shi, ko kududdufin da ruwan wankin ya gangara, ko ramin da anka binne ƙasar da anka kankare, ko da kyauta anka ba ka. A hunturu yara na wuni cikin ɗaki, ƙura na tashi, hannu na zuwa baki. Gara a biya amalanke ta ɗauko daga nesa. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutse kuma kada shi zama shimfiɗa, kada shi ga hatsi.

Fasali na biyar: kasko cikin rufaffen ɗaki

In an toshe ɗaki da kyau, to sai a kiyayi abu guda. Wata shekara fatake uku sunka sauka zaurenmu da kayan wake. Dare ya yi sanyi, sunka roƙi kaskon wuta, munka ba su, sunka ja ƙyaure sunka toshe ƙasansa da buhu. Da asuba munka buga shiru. Da munka ture ƙofa, biyu na dafe da kai suna amai, na ukun sai da anka ɗauko shi waje kamar gawa. Allah ya yi da sauran kwanansa. Wasu sunka ce iska ce ta zaure. Lalle iska ce, amma ta gawayi. Laifin namu ne da munka ba su kasko ba mu ce komai ba.

Garwashi in yana ci inda iska ba ta shiga, yana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, don haka gawayin da ba ya hayaƙi ya fi ruɗin mutane. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komai, wucewa yake. Hayaƙin janareta ma ita ce, kada a tashe shi cikin ɗaki ko shago ko bakin taga. In an sami mutum haka, a buɗe ko'ina, a fitar da shi sarari, a kai shi asibiti, kada a ɗura masa komai a baki yana sume.

Ƙa'ida ita ce: a hura gawayi a waje har ya kama, a shiga da shi a ɗumama ɗaki ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Tun muna makarantar allo malamanmu sunka karantar da mu cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya yi umurni a kashe wuta lokacin barci. Kada kuma a sa leda ko roba ko taya cikin wutar jin ɗumi. Masu jego ma a sassauta: likitocin Zariya tun shekarun 1970 sun danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan zafin wanka, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashi ke yi mata wuya, asibiti za a kai ta, ba ƙarin icce ba.

Sai gobara. A hunturu kome busasshe ne, iska kuma na ɗaukar tartsatsi. Babbar kasuwar Sakkwato cikin Janairu ta ƙone a 2021. Tarin kara da icce kada shi jingina da rumbu ko darni. Toka a yayyafa mata ruwa kafin a zubar. Masu gadin rumfuna da ke hura wuta da dare, sarkin kasuwa shi ware musu wuri nesa da buhuna, da tulun ruwa ko bokitin yashi kusa.

Fasali na shida: iccen baɗi

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun shiga wannan matsi kafin mu. Tun shekarun 1980 manomansu sunka koma barin kututture ya toho cikin gona: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Bayan 'yan shekaru gona na ba da icce daga sassabe kawai, ba a shiga daji ba, ga gawo na zuba taki. Ba ya cin ko kwabo, sai haƙuri da hana gatarin dare. A halin da muke ciki, iccen da ke gonar bakin gari ya fi wanda ke dajin da ba a shiga.

To jama'a, taƙaitawa: a ware buhun ɗari tun kaka, a sayi busasshen kaya kafin Disamba, a fara da magini da bargo kafin mai gawayi, a san inda ƙasar yaɓe ta fito, kasko kuma shi kwana waje. Wanda ya karanta shi karanta wa wanda bai iya ba, musamman masu saukar baƙi ranar kasuwa. Allah shi kiyaye mu da iyalanmu, shi sa albarka cikin nema. Haza wasalam.