Turare Mai Ƙamshin Hoda: Ina Iyakarsa Ga Mace Musulma?

Da wuya ɗayanmu ya dawo daga aikin hajji, ko fataucin ƙasashen waje, ko kwas ɗin da gwamnati ta aika shi, ba tare da kwalbar turare a cikin tsarabar uwargida ba. Daga cikin waɗanda aka fi ba daraja akwai tsofaffin turarukan Faransa masu ƙamshin furanni, waɗanda in sun lafa a jiki sai mutum ya ji kamar an buɗe gwangwanin hoda. Maigida ya biya kuɗi mai yawa, uwargida ta yi godiya, kashegari kuwa ta fesa ta kama hanyar ofis ko gidan suna. To, a nan ne tambaya ke tasowa: shin wannan kyauta lada za ta jawo wa gidan, ko zunubi?

Kafin mu je ga hukunci, ya kamata mu san abin da ake yi wa hukuncin. Bari mu ɗauki misali da turaren da ake kira L'Heure Bleue, wanda Jacques Guerlain ya haɗa a birnin Paris cikin 1912, a gidan turaren da kakansa ya kafa tun 1828, kuma har yau ana sayar da shi. Ma'anar sunan a Faransanci ita ce lokacin almuru, watau bayan rana ta faɗi kafin duhu ya rufe. In an fesa shi, da fari akan ji furen lemo da wani ɗan yaji irin na kanumfari, daga baya sai ƙamshin hoda ya kwanta ya daɗe.

Wannan ƙamshi na hoda yana da tushe. Babban tushensa shi ne saiwar wani fure mai suna iris, wanda ake nomawa a kusa da Florence ta ƙasar Italiya da kuma Maroko. Saiwar takan yi kimanin shekara 3 a ƙasa, a tone ta, a fere, a shanya ta ajiye shekara 3 ko fiye, sannan ƙamshinta ya fito. Shi ya sa take cikin kayan haɗin turare mafiya tsada a duniya. Tun da can garin wannan saiwa Turawa ke zubawa cikin hodar fuska, saboda haka hanci ya saba haɗa ƙamshin da hoda. Tushe na biyu shi ne sinadaran da masana suka ƙago. A 1893 wasu Jamusawa biyu, Tiemann da Krüger, suka haɗa sinadarin ionone mai ƙamshin furen violet, wanda ya zama ginshiƙin irin waɗannan turaruka.

Wannan sinadari yana da wata ɗabi'a da ya kamata mu lura da ita, domin hukuncin yana rataye da ita. Yakan dusashe hancin mai shaƙarsa na ɗan lokaci, har mutum ya ɗauka ƙamshin ya tafi, alhali yana nan. Ban da haka, kowane hanci yakan saba da ƙamshin da ke tare da shi bayan ɗan lokaci kaɗan. Saboda haka mai sa turare ita ce ta ƙarshen sanin ƙarfinsa. Ta fesa sau biyu, ta daina ji, ta ƙara, ta fita tana zaton ba kome, alhali duk wanda ke cikin motar haya ya san ta shigo. Ga shi kuma an haɗa turaren ne don sanyin Turai. A zafin bazara na Sakkwato ko Maiduguri, inda awon zafi kan haura 40, ƙamshi ya fi saurin tashi, ya kuma fi nisan tafiya.

Musulunci bai ƙi turare ba, kuma bai hana shi ga mata ba. Nasa'i ya ruwaito cewa turare yana cikin abubuwan duniya da aka sa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaunarsu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, yadda ya koya wa wata mata ta yi amfani da ɗan almiski bayan wankan haila. Ashe ke nan ƙamshi ga mace abin so ne, sai dai an yi masa wuri.

A hadisin Abu Huraira da ke cikin Tirmizi da Nasa'i an bambanta turaren maza da na mata: na maza ƙamshinsa ke bayyana launinsa ya ɓuya, na mata kuwa launinsa ke bayyana ƙamshinsa ya ɓuya. Abu Dawuda ya kawo bayanin magabata cewa wannan ya shafi lokacin fita ne, amma a gaban mijinta sai ta sa wanda ta ga dama. Muslim kuma ya ruwaito daga Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud cewa an hana mace taɓa turare in za ta masallaci. Hadisin Abu Musa Al'ash'ari ya fi tsanani, gama ya yi kashedi mai nauyi ga wadda ta sa turare ta gifta ta wurin maza don su ji ƙamshinta. In masallaci, ɗakin Allah, an yi wannan hani, ina ga kasuwa da ofis?

Da wannan muka gane cewa shari'a ba sunan turare take dubawa ba, ba kuwa tsadarsa ko ƙasar da ya fito ba. Abin da take dubawa shi ne inda ƙamshin ya kai, da wanda ya kai wa. Wasu sukan ce ai mai ƙamshin hoda turare ne mai sanyi, na manyan mata, ba shi da tsokana. Gaskiya ne yana da taushi a hanci, amma taushi daban, ɓuya daban. Irinsa yakan kama tufa ya kwana biyu ko uku bai saki ba. Hukuncinsa ɗaya ne da na humra da turaren wuta da matanmu suka gada.

Akwai kuma lokuta biyu da ake ajiye kwalbar gaba ɗaya, ko a cikin gida. Na fari shi ne bayan an ɗaura harami na hajji ko umra, ga mace da namiji duka. Na biyu shi ne takaba, wata 4 da kwana 10 ga wadda ba ta da ciki, inda hadisin Ummu Aɗiyya ya sassauta mata ɗan hayaƙin ƙusɗu ko farce kawai bayan wankan haila.

Sai batun da ya fi damun 'yan kasuwa, watau sinadarin barasa da ake narka man turaren a ciki. In an rubuta parfum a kwalba, man ƙamshin yakan kai kimanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. In kuwa eau de toilette ne, kimanin kashi 5 zuwa 15. Mafi yawan abin da ya rage barasar ce, wadda galibi akan gauraya ta da abin da zai hana a sha ta. Malamai sun saɓa a nan. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan giya najasa ce, kuma a kan haka ne Shaihu Muhammadul Amin Shanƙiɗi, wanda ya koyar a Madina, ya hana yin salla da irin wannan turare. Amma Ƙurɗubi ya ambata a tafsirinsa cewa Rabi'atu, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'ad na Masar, da Muzani almajirin Imamu Shafi'i, sun ga shanta ne haramun, ita kanta ba najasa ba ce. Rashid Rida mai mujallar Al-Manar ta Alƙahira ya ba da fatawar tsarkin barasar turare, haka kuma Shaihu Ibn Usaimin bai ɗauke ta najasa ba. Tun da manya sun saɓa, bai dace wani ya zagi wani ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ga turaren mai nan. Bint El Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na London ya fito da shi a 1920, yana cikin abin da ya sa ya karɓu a ƙasashen Musulmin Afirka cewa asalinsa mai ne, babu barasa.

Saboda haka muna ba 'yan'uwanmu mata shawara su mai da wannan turare na gida, su sa shi da almurun da aka raɗa masa suna da shi, lokacin da maigida ke dawowa. A sa a fata, kada a fesa wa mayafi ko hijabin fita, a kuma ware kayan ofis daga kayan ɗaki. In ana shakka, a tambayi 'ya ko ƙanwa ta tsaya ɗan nesa ta faɗi gaskiya, tun da hancin mai turare ba shaida ba ne. Tsabta da kawar da warin gumi kafin fita kuwa ba su shiga hanin ba. Taron mata zalla ma babu laifi, in hanyar zuwa ba ta bi ta cikin maza ba.

Mu maza kuma da namu nauyin. Wanda ya sayo turare ya bayyana wa iyalinsa hukuncinsa cikin lalama, ba da tsawa ba. Ya kuma tuna an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas yana son yi wa matarsa ado kamar yadda yake so ta yi masa. Ba adalci ba ne mutum ya shigo da warin rana yana neman ƙamshin Paris. Ma'aikaci kuma kuskuren abokiyar aikinsa bai halatta masa sakin ido ko sakin baki ba. Mai kanti ya ji tsoron Allah, kada ya sayar da jabu da sunan na ainihi, kada ya tsarma ya ɓoye, domin hadisin Muslim ya nisanta mai algus daga jama'ar Annabi. In mai saye ya tambayi abin da ke cikin kwalba, a gaya masa.

Kwalba guda ce, amma a ɗakin miji ibada ce, a bakin titi kuwa abin tuhuma. Allah Ya ba mu ikon ajiye kowane abu a muhallinsa, Ya sa gidajenmu su cika da ƙamshi da zaman lafiya, amin.