Sabon Irin Wake da Ra'ayoyin Jama'a

Wake abinci ne da kusan kowace ƙabila a Nijeriya take ci. Da shi ake yin ƙosai da alale, ana kuma dafa shi da shinkafa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya. Sai dai wake yana da babban abokin gaba a gona, wato wata tsutsa da masana suke kira maruka. Tana cinye fure, tana huda kwanso, har manomi ya rasa yawancin amfaninsa. Saboda haka manoma sukan yi feshin magani sau shida zuwa takwas kafin girbi.

Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sun shafe shekaru suna neman mafita. Tare da abokan aikinsu na waje, sun ɗauko ƙwayar halitta daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a cikin ƙasa, suka sanya ta a cikin wake. Wannan ya sa waken yana samar da sinadarin da ke kashe tsutsar. A shekarar 2019 gwamnati ta amince da sabon irin, mai suna SAMPEA 20-T. Masanan sun ce feshi biyu ya ishe shi.

Manoma da yawa sun yi maraba da shi, domin maganin feshi yana da tsada, yana kuma cutar da mai feshin. Amma wasu mutane, musamman a birane, hankalinsu bai kwanta ba. Akwai masu cewa irin wannan abinci yana jawo ciwon daji ko yana hana haihuwa. Wannan magana ta yaɗu sosai, amma ba a kawo hujjar da ta tabbatar da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abincin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wanda yake kasuwannin duniya yanzu, an gwada shi, kuma ba a ga alamar yana cutar da mutane ba.

Akwai kuma damuwar da ta fi wannan nauyi, ita ce maganar iri. Tun kaka da kakanni manomi yakan ajiye iri daga abin da ya girbe. Wake ba shi da matsala a nan, ana iya ajiye sabon irin a sake shukawa. Amma masarar TELA da aka fitar a 2024 haɗin aure ce, sai an sayi sabon iri kowace damina idan ana son ta yi albarka. Shi ya sa wasu ƙungiyoyi suke tsoron kada manoma su dogara ga kamfanoni. A shekarar 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a yi bincike a kan lamarin.

Mai saye ma yana da tasa tambayar. A kasuwar Dawanau ta Kano a buhu ake sayar da wake, a kasuwar unguwa kuma a kwano ake auna shi. Babu wata takarda da ke nuna irinsa. Wanda ba ya son sabon waken, ta yaya zai gane shi?