Auna Gadon Shanun Nama na Kiwo: Sha'anin Rata Tsakanin Garke da Garke

Kowane makiyayi ya sani barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saboda haka wanda ke neman bijimin iri yakan duba 'ya'yansa. Amma nauyin maraƙi abu biyu ne ke kawo shi, watau gado da kiwo, kuma gadon kaɗai ke wucewa ga na baya. Masana sun gano cewa a nauyin yaye, rabon gado cikin bambancin da ake gani tsakanin maruƙa yawanci bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba. Sauran na ciyawa ne, da ruwa, da cuta, da kulawa.

Hanyar lissafin da ake rarrabe su da ita a yau ta fito ne daga aikin Charles Henderson na Jami'ar Cornell a Amurka. Ana aiki da ita ƙwarai a ƙasar Barazil, inda akasarin shanun nama masu tozo ne, irin Nelore waɗanda asalinsu Indiya, kuma a daji suke kiwo damina da rani kamar Bunaji da Gudali na Arewa. Ƙa'idarta ta fari ita ce, ba a gwada maraƙi sai da sa'o'insa, watau waɗanda aka haifa a garke ɗaya, lokaci ɗaya, jinsi ɗaya, suka ci ciyawa ɗaya.

To, amma akwai wani tarko a nan. Garkuna ba a matsakaicin nauyi kaɗai suke bambanta ba, har ma da ratar da ke tsakanin manyan maruƙansu da ƙanana. Inda ciyawa ta wadata, mai gadon girma yakan sami halin nuna gadonsa, sai rata ta faɗaɗa. Inda ake yunwa kuwa, duka sukan tsumbure tare, sai rata ta ƙuntata.

Ga misali don a gane. A ce garken fadama matsakaicin nauyinsa a yaye kilo 180 ne, ratar da aka saba gani sama ko ƙasa kilo 20. Garken tudu matsakaicinsa kilo 140, ratarsa kilo 10. Wani ɗan sa na fadama ya auna 200, wani na tudu ya auna 155. Idan aka dubi sikeli kurum, na fadama ya fi da kilo 45. Idan aka gwada kowanne da sa'o'insa, na fadama ya ɗara su da 20, na tudu da 15, har yanzu na fadama ke gaba. Amma in aka auna kowanne da ratar garkensa, na fadama rata ɗaya ya haura, na tudu rata ɗaya da rabi. Muddin rabon gado daidai yake a garkunan biyu, na tudu shi ne ya fi cancanta a bar shi bijimi.

Idan ba a lura da wannan ba, zaɓaɓɓu za su riƙa fitowa daga garkuna masu faɗin rata, a dandaƙe na ƙwarai a garkunan talakawa a kai su mahauta. Abin ya fi muni inda faɗin ratar ba daga gado ya zo ba, kamar a ce an ba waɗansu angurya da dusa an hana waɗansu. Kuskuren ya fi faɗa wa shanu mata da ƙananan maruƙa, gama su a garke ɗaya suke zaune. Bijimin da 'ya'yansa suka watsu cikin garkuna da yawa, kuskuren wani wuri yakan rage na wani.

Maganin abin uku ne. Na ɗaya, a daidaita awon kowane garke da ratarsa kafin a haɗa lissafi. Na biyu, a sa bijimi ɗaya ya yi barbara a garkuna dabam-dabam, domin 'ya'yansa su zama ma'auni tsakaninsu. Na uku, a tara maruƙa masu yawa a kowane rukuni, gama ba a sanin ratar gaskiya daga maruƙa uku ko huɗu.

Aikin kyautata irin shanu ya daɗe a Shika kusa da Zariya, tun kafa gonar a 1928, amma duk lissafi bisa rubutu yake tsayawa. Saboda haka ya kamata Hakimai su gargaɗi Arɗo-arɗo da masu garke kada su ruɗu da ƙibar sa su kaɗai. Malamai kuma, in an sa su rubuta awo, lalle su rubuta ranar haihuwa, da uwa da uba, da ranar awo, da wurin kiwo, da ko an ƙara wa dabba abinci. Awon da ba a san inda mai shi ya yi kiwo ba, ba ya amfanar kowa.