Ko Ka Sani? Madubin Motarka Yana Makancewa da Zarar Ka Ɗaura Mata Tirela

Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Ilori da Jebba da Kontagora, a Yelwan Yauri take ratsawa kafin ta miƙe zuwa Koko da Jega da Sakkwato. Mai zama a bakin wannan titi yana ganin jan kaya iri-iri: tirela mai dogon bodi, tanka, janwe da motar da ta mutu a bayansa, tarakta tana jan buhunan shinkafa daga fadama, akori-kura da aka ɗaura wa 'yar tirela cike da albasar bakin tafkin Kainji. Matsala ɗaya ce ta haɗa su duka, kuma ba kasafai ake maganarta ba. Madubin gefen kowace mota, faɗin jikinta aka auna aka ƙera shi. Ranar da ka ƙulla mata abin da ya fi ta faɗi, madubin nan ya daina nuna maka hanya, gaban kayanka kawai yake nuna maka.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙaramar mota faɗinta bai cika wuce mita 1.8 ba. A ce abin da take ja ya kai mita 2.4, to kowane gefe ya zarce jikin motar da santimita 30. Hannun madubi kuwa bai kai haka tsawo ba. Gani a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa ya kewaye kaya, saboda haka duk abin da ke bin gefen tirelar, ko ɗan kabu-kabu ne ko yaro a kan keke, ya faɗa inda idon direba ba ya kaiwa. Madubin tsakiya da ke cikin mota shi ma aikinsa ya ƙare tun daga lokacin da aka ƙulla. Direba yana tafe yana jin ƙarar babur a bayansa, ya duba dama, ya duba hagu, babu kowa, alhali mutum yana nan dab da tayarsa ta baya.

A Ingila, inda iyalai ke jan ɗaki mai taya a bayan mota su tafi hutu da shi, doka ta yanka wa abin iyaka. Wajibi ne direba ya iya ganin fili mai faɗin mita 4 daga gefen abin da yake ja, a nisan mita 20 a bayansa, dama da hagu. Wanda aka kama madubinsa bai kai nan ba, tara na iya kaiwa fam 1,000. Faɗin abin da ake ja ma an ƙayyade shi, kada ya wuce mita 2.55. Wannan ne ya sa suke da kasuwa guda ta maduban ƙari, waɗanda ake ɗaurawa a kan madubin mota su miƙo waje. Mu a nan ba mu jan ɗakin hutu, amma buhunan albasa da aka jera suka yi tozo suka zarce bodi, tare hanyar gani suke yi daidai yadda bangon ɗakin Bature yake tarewa. Awon nasu zai yi mana amfani, kuma gwada shi ba ya cin ko kwabo. Ka faka a fili bayan an gama lodi, ka sa yaronka ya tsaya a kusurwar tirela ta baya, sannan ya ja baya kamar taku 25, ya matsa gefe taku biyar. In ya ɓace maka a madubi ko sau ɗaya, madubinka ya gaza.

Madubin mota kansa, wurin cike gurbin mutum ya yi suna. A ranar 30 ga Mayu, 1911, aka yi tseren motoci na mil 500 na farko a Indianapolis ta Amurka. A lokacin kowace motar tsere mutum biyu take ɗauka, direba da makaniki, kuma cikin aikin makanikin har da waiwaye, ya faɗa wa direba wanda ke tafe. Ray Harroun ya zo da mota ƙirar Marmon mai kujera ɗaya tal. Abokan karawarsa suka yi ƙorafi cewa zai jawo haɗari tunda ba shi da mai duba masa baya, sai ya kafa madubi a gabansa, kuma shi ya ci tseren. Shekara biyu kafin nan, a 1909, wata Baturiyar Ingila mai tseren mota, Dorothy Levitt, ta riga ta shawarci mata masu tuƙi su riƙa ɗaga ɗan madubin hannu su ga bayansu. Daga baya Harroun ya faɗi wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Titin tseren da bulo aka shimfiɗa shi, kuma girgiza ta sa da ƙyar yake ganin wani abu a madubin.

Girgiza ita ce babbar abokiyar gabar madubin ƙari, kuma nan ne ya kamata mai saye ya fi sa ido. Iri uku aka fi samu. Akwai wanda ake ɗaure shi da madaurin roba a bayan madubin mota, shi ne mafi araha. Akwai mai maƙalli da ake matse shi da noti a leɓen madubin. Akwai kuma wanda ake manna shi a kan gilashin kansa, iska ta riƙe shi. A kan kwalta mai santsi duk ukun suna aiki. Amma wanda zai sauka daga babban titi ya nufi Wara ko ƙauyukan Shanga ta hanyar burji mai ramuka, ya sani cewa duk santimita ɗaya da madubi ya ƙara tsawo, rawarsa ƙaruwa take yi. Roba tana saki a zafin Yauri, rana ta busar da ita ta tsattsage. Na mannawa kuwa ƙura kaɗan ta isa ta shiga ƙarƙashinsa ya faɗi, ga shi yana rufe rabin madubin asali. A ganina mai maƙalli biyu na ƙarfe ya fi dacewa da hanyoyinmu. Wanda kuma jan kaya ne sana'arsa ta kullum, gara ya je wurin mai walda a yi masa hannu mai ƙafa uku, biyu a sama ko a ƙasa, ɗaya tana tokare, domin hannu mai sanda ɗaya lilo yake yi. Masu gingimari sun daɗe da gane wannan, dubi yadda nasu yake a kafe.

Sai maganar gilashin. Madubi shimfiɗaɗɗe yana nuna abu a girmansa na gaskiya, ka iya kimanta nisan motar da ke tafe da saurinta, sai dai filin da yake kamawa ƙunci gare shi. Madubi mai doro, wanda ya kumburo waje kamar bayan cokali, yana tattaro fili mai faɗi ya matse shi a ɗan gilashi. Farashin wannan faɗi shi ne komai ya ƙanƙance, ƙwaƙwalwa kuma ta saba ɗaukar ƙaramin abu a matsayin na nesa. Dalilin ke nan da ya sa motocin da aka shigo da su daga Amurka suke ɗauke da ɗan rubutu a madubin dama, yana gargaɗi cewa abin da ka gani ya fi kusa da yadda yake a madubi. Direban da ke jan kaya yana buƙatar duka biyun: shimfiɗaɗɗe don ya san ko zai iya fita ya wuce, mai doro don ya ga tayar tirela da abin da ke raɓe da ita. Manyan motoci na zamani har da na uku da na huɗu suke zuwa, ɗaya yana kallon ƙasa a gefen ƙofar dama, ɗaya yana kallon gaban hanci, inda yaro zai iya tsayawa direba bai gan shi ba.

Ɓangaren dama shi ne mugun ɓangare a ƙasar nan. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zaune. Gefen hagu yana iya leƙa kai ta taga ya gani. Gefen dama kuwa ya yi masa nisa, madubi kaɗai gare shi, kuma can ne masu babur da masu tafiya a ƙasa da masu talla suke. Ga wani abin da ya ƙara dagula lamarin: tayoyin tirela ba sa bin sawun tayoyin gaba. In mota ta sha kwana, na baya yanke hanya suke yi ta ciki, kuma gwargwadon tsawon tirela gwargwadon yankan. Shi ya sa za ka ga direban tirela ya buɗe hagu kafin ya karya dama. Ɗan kabu-kabun da ya ga wannan fili ya kutsa ciki, ya shiga inda bodi zai rufe nan da daƙiƙa kaɗan. Abin da ya fi tayar da hankali, da zarar kan mota ya karya, madubin dama shimfiɗaɗɗe jikin tirelar yake nunawa, a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Ina roƙon duk mai hawa babur a Yelwa ya riƙe wannan: in ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Duk kyan madubi, ba ya nuna abin da ke bayan tirela kai tsaye. Wannan gurbin kyamara ce take cike shi. Kamfanin General Motors ya nuna motar gwaji, Buick Centurion, a 1956, da kyamara a baya da ɗan allon talabijin a gaban direba, amma ba ta shiga kasuwa ba. Toyota ta saka irin wannan a motarta Soarer a Japan a 1991. A Amurka, mutuwar wani yaro ɗan shekara 2, Cameron Gulbransen, wanda mahaifinsa ya take shi a 2002 yana ja da baya a ƙofar gida bai sani ba, ta sa aka yi doka da sunansa a 2008, kuma daga Mayun 2018 duk sabuwar ƙaramar mota sai da kyamarar baya. A shekarar nan ta 2018 ne Mercedes ta fito da babbar motarta Actros da kyamarori a gurbin manyan maduban gefe.

Kyamarar da ta zo da mota, ranar jan kaya ba ta ganin komai sai ƙugiyar da aka ƙulla. Tana taimakawa wajen saita ƙugiyar, daga nan kuma aikinta ya ƙare. Wadda ake buƙata ita ce ta biyu, a can bayan tirela, a sama, tana kallon ƙasa kaɗan. Mai waya ta fi tabbas, sai dai dole a yi mata mahaɗa a wurin ƙugiya don a iya cirewa. Marar waya ta fi sauƙin ɗaurawa, amma bodin ƙarfe mai tsawo yana tare saƙonta, hoto ya riƙa yankewa ko ya makara, kuma hoton da ya makara da daƙiƙa ɗaya yana iya sa a taka mutum. Kafin ka biya kuɗi, ka tambayi mai gyaran lantarkin mota ƙarfin wutar da take ɗauka, domin ƙananan motoci bolt 12 suke aiki da shi, manya kuma yawanci 24. Ka tabbata tana juya hoto irin na madubi, dama ta fito a dama, in ba haka ba za ka karya sitiyari inda ba nan ba. Ka duba ko ruwa da ƙura ba sa shiga ta. Bayan tirela nan ne ƙura take taruwa, saboda iskar da mota ta keta juyowa take yi ta manna ta a jiki, kuma a hunturu tafiya daga Bin Yauri zuwa Yelwa ta isa ta rufe idon kyamara. Tsumma a aljihun ƙofa ya zama cikin kayan aiki. Idonta mai faɗi kuma yana ƙanƙanta abubuwa fiye da madubi mai doro, don haka kada a auna wuce mota da ita.

A tasha da bakin kasuwa, har yanzu karen mota ne idon direba na baya, kuma yana da abin da kyamara ba ta da shi, wato baki da hannu. Yana iya daka wa yaro tsawa, ya kori akuya, ya tsayar da mai amalanke, ya buga bodi direba ya taka birki. Ja da baya da tirela aiki ne mai rikitarwa, domin in ka karya sitiyari dama bayanta hagu yake nufa, in ka yi yawa kuma ta naɗe ta daki kan mota. Direba yana fama da wannan, hankalinsa ba zai kai ko'ina ba. Abin takaici, yaran nan su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin sau da yawa a tsakiyar baya suke tsayawa, inda babu madubin da ke kama su. Wurin tsayuwar yaron mota shi ne kusurwar baya ta hagu, ɗan nesa da bodi, inda shi da maigidansa suke haɗa ido ta madubi. Su yi yarjejeniya tun kafin a saka giyar baya: duk lokacin da direba ya daina ganinsa, ya tsaya cak har sai ya sake bayyana. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna iya tare mota a titi su duba ko madubinta a fashe yake, amma wannan yarjejeniya a tsakanin direba da yaronsa take, kuma shugabannin tasha ne za su iya mayar da ita al'ada.

In an sauke kaya an kwance tirela, a cire madubin ƙari a ajiye shi. A Ingila ba a yarda ya zarce faɗin abin da ake ja da fiye da santimita 25 ba, kuma in babu abin da ake ja, jikin motar ne ma'auni. A cunkoson ranar kasuwa, ƙarfen da ya miƙo waje daga akori-kura tsayinsa ɗaya da kafaɗar babba da kan yaro.