Lissafin musayar hankali a shirin Futurama: abin da ya kamata ku sani

A watan Agustan 2010, shirin zane na Amurka mai suna Futurama ya nuna wani kashi da Farfesa Farnsworth da Amy suka ƙera na'urar musayar hankali tsakanin mutum biyu. Sai dai na'urar tana da sharaɗi: gangar jiki biyu da suka yi musaya sau ɗaya ba za su sake yi da juna ba. Kafin a ankara, jama'a sun yi ta musaya har kowa ya rasa jikinsa. To, yaya za a mayar da kowa gidansa?

Marubucin kashin, Ken Keeler, yana da digirin dakta a lissafi daga Jami'ar Harvard, kuma bai yi wa masu kallo rufa-rufa ba. Ya zauna ya kafa hujja cewa komai yawan mutanen, komai cakuɗewar lamarin, sababbin mutum biyu da ba su taɓa shiga na'urar ba sun isa a warware shi. An ma nuna hujjar a rubuce kan allo cikin shirin.

Ku gwada da Farfesa da Amy kaɗai, bayan sun yi musaya da juna. Mai taimako ɗaya ba zai wadatar ba. Kafin kowa ya koma jikinsa, jimillar musayar, har da ta farko, dole ta rabu biyu ba saura. Mutum uku kuwa musaya uku kacal suke da ita, kuma biyu daban-daban ba sa goge juna.

Yanzu a kawo mutum biyu, Clyde da Tate. Jikin Farfesa ya yi musaya da na Clyde, jikin Amy da na Tate. Hankalin Farfesa ya koma jikin Tate ke nan, na Amy kuma jikin Clyde. Sai a haɗa jikin Farfesa da na Tate, jikin Amy da na Clyde: su biyun sun dawo daidai. Saura Clyde da Tate, kowanne ɗauke da hankalin ɗan'uwansa, kuma ba su taɓa haɗuwa ba. Musaya ta biyar ta sallame su.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda dabarar ba ta canzawa idan mutane suka yi yawa. Duk wani cakuɗe yana rabuwa zuwa zobba, wane a jikin wane har a zagayo. Baƙin biyu suna kwance zobe ɗaya bayan ɗaya, in sun ƙare a jikin juna sai su yi musayar da suka ajiye.