Me ke dawo da hannun da ya shanye?

Yatsan da ya yi makonni a sake, rana ɗaya sai ya motsa. Masu jinyar mai shanyewar ɓarin jiki sun san daɗin wannan rana. To, me ya canja a ƙwaƙwalwarsa?

An daɗe ana bin maganar Santiago Ramón y Cajal, ɗan ƙasar Sifen da ya ci kyautar Nobel a 1906, cewa ƙwayar ƙwaƙwalwar baligi in ta mutu ba ta da magajiya. A shekarun 1960 Joseph Altman ya ga sababbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye, aka yi kunnen uwar shegu da shi. Sai a 1998 Peter Eriksson da Fred Gage suka ba da rahoton ganin haka a mutane, a sashen da ke kula da tuna abubuwa.

A 2002 masana a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwar ɓera, don kwaikwayon shanyewar ɓarin jiki. Abin mamaki, jariran ƙwayoyi suka taso daga can cikin ƙwaƙwalwa, suka nufi inda ɓarnar ta auku. Sai dai kusan kashi 80 cikin 100 sun mutu cikin makonni, waɗanda suka rage kuwa sun cike gurbin kimanin biyu ne kacal cikin kowace dubu da aka rasa. A 2014 ayarin Jonas Frisén na Cibiyar Karolinska ya auna shekarun ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwar mutanen da cutar ta taɓa kamawa. Duk sa'o'in masu su ne, ba a samu sababbi ba.

Mafi yawan sauƙin da ake gani aikin ƙwayoyin da suka tsira ne. Su ke miƙa sababbin rassa, su karɓi aikin matattun, kamar yadda sawun jama'a ke fitar da sabuwar hanya idan gada ta karye. Wannan gyara ya fi ƙarfi a watanni ukun farko, kuma maimaita motsi ne ke ƙarfafa shi.

Nan ne tausayinmu ke cutar da majinyaci. A kwantar da baba a ɗaki, a ba shi abinci a baki, a ɗaure masa maɓallin riga, alhali hannun nan aiki yake nema. Maimakon haka, a kai shi sashen gashin ƙashi na asibiti da wuri, a bar shi ya yi kokawa da cokalinsa ko da kunun zai zube, a kuma tsaya tsayin daka kan maganin hawan jininsa kada cutar ta sake dawowa.