Watannin Zaman Jira da Wayar Hannu

Tsakanin ranar da ɗalibi ya gama jarrabawar WAEC ko NECO da ranar da zai samu gurbi a jami'a akwai watanni na zaman kashe wando. Wanda ya shiga ma bai tsira ba: yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar da ɗalibai a gida wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Akasarin wannan lokaci a TikTok da guruf-guruf na WhatsApp yake ƙarewa. Ban hana kowa dariya ba, amma data kuɗi ce.

Idan matashi ya tambaye ni abin yi, nakan ce masa ya je ya yi rubutu a Wikipedia ta Hausa. Buɗe asusu kyauta ne, waya kuma ta wadatar. Ya sa Hausa a madannin Gboard domin ya samu ƙ da ɗ da ɓ, sannan ya nemo maƙalar garinsu. Da wuya ya karanta ta bai ci karo da kuskure ba, ko sunan unguwa da aka karkatar, ko jimlar da na'ura ta fassara babu kai babu gindi. Ya gyara guda ɗaya, ya adana.

Abin da ya sa nake nacewa a kan wannan shi ne dokar wurin. "Na ji an ce" ba ta da kasuwa a can. Duk abin da ka rubuta sai ka nuna littafi ko jaridar da ka samo shi, in ba haka ba wani edita da ba ka taɓa gani ba zai iya cire shi, ya bar maka dalili a tarihin shafin. Da zafi a karon farko. Sai dai yaron da ya saba da haka, ranar da malami ya tambaye shi madogararsa a aikin binciken shekarar ƙarshe ba zai yi zuru ba. Kada dai ya kwafo rubutun wani ya manna, ko ya juye fassarar na'ura bai tace ba, don wannan ɓarna ce.

Mai sha'awar hoto yana da Wikimedia Commons. Marinar Ƙofar Mata a Kano, hasumiyar Gobarau a Katsina, fadar Sarkin Damagaram, duk ana buƙatar hotunansu masu kyau. Sharaɗin shi ne kai ka ɗauka da hannunka, kuma ka yarda kowa ya yi amfani da shi.

Sauran hanyoyin sanannu ne. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, saboda haka sabawa da ita tun a gida riba ce. Khan Academy na koyar da lissafi kyauta, freeCodeCamp kuma na koyar da gina shafukan intanet. A sauke darussa da tsakar dare, lokacin da data ke araha.

Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista ko ka turo lambar BVN kafin ya ba ka aikin intanet, ɗan damfara ne. Iyaye kuma, kafin ku ƙwace wayar, ku ce yaron ya nuna muku abin da ya koya da ita a makon nan.